Hallbera Mai Karanta Toka

Kafin jiragen kamun kifi su dawo, Hallbera ta riga ta shiga rami. Takalmin roba, gorar kofi, busasshen kifi a aljihu, sai 'yar wuƙar da take kankare bangon ƙasa da ita. Haka muka san ta tun muna 'yan mata, har bana da ta yi ritaya. Duk aman wutar da duwatsun ƙasarmu Iceland suka yi yakan bar layin toka a ƙasa, fari ko baƙi, kuma masana sun san zamanin kowanne. Da layukan nan take gane yaushe ƙasa ta tsage, yaushe gangare ya zabtare.

Shekarar da garinmu ya tashi gina makaranta a gindin dutse, filin yayanta Styrmir aka zaɓa. Kowa ya ɗauka tulin duwatsun wurin ya gangaro tun kafin mutum ya taka tsibirin nan namu. Aka ce ta duba ta sa hannu, don cika ƙa'ida kawai.

Ana tafka ruwa ta sauka ramin da aka haƙa a filin. Ormur, direban motar haƙa, shi ya ba ni labari. Ruwa ya kai mata gwiwa, bango ya fara zubowa.

"Fito, Hallbera! So kike in binne ki kyauta?"

"Riƙe igiyar nan, ka rage surutu."

Ta fito da farar toka a tafin hannu, bangon ya rufta a bayanta. A ƙarƙashin duwatsun ta samo ta, kuma toka ce da aka san ta zubo bayan mutane sun zauna a tsibirin. Ashe zabtarewar ta biyo bayan tokar ne, lokacin kakanninmu suna kiwon tumaki a wurin. Gangaren da ya zabtare a zamanin mutane kuwa yana iya sakewa.

A taron gari ta ce kada a yi gini a filin, aka yi mata ca. Styrmir ya miƙe.

"Saboda ƙura za ki tozarta ni a gaban jama'a?"

"Yaya, jikokinka ne za su zauna a ajin nan."

Ya fice. Har yau bai sake taka gidanta ba.

An gina makarantar a tsallaken kogi, a can nake koyarwa. Dutsen bai motsa ba tukuna, har wasu na yi mata shaguɓe a kanti. Amma duk ranar da ruwa ya ƙi tsayawa, muka jiyo tsakuwa na gangarowa daga sama, nakan dubi yaran da ke gabana in ci gaba da darasi.

Hallbera, ke ce kika yarda ki rasa ɗan'uwa don kada mu rasa 'ya'ya. Mun gode. Ku kuma masu tasowa, in aka ce ku sa hannu kawai, ku fara zuwa ku duba.