Tauren Kirsimetin Baba Irmiya

Baba Irmiya mutumin Kaltungo ne, aikin gwamnati ya kawo shi Sule Tankarkar a matsayin malamin dabbobi. Shekara biyu aka ce zai yi, ga shi ya haura talatin, har ya yi ritaya bai koma ba. Katanga ɗaya ta raba gidana da nasa, don haka na san shi ciki da bai. Mutum ne mai hannun kyauta, amma in ransa ya ɓaci, bakinsa ya fi allurarsa zafi.

Duk Kirsimeti yakan sayo taure a kasuwar Maigatari, amma ba ya yankawa da hannunsa, don ya san da yawa cikinmu maƙwabtansa Musulmi ba za su ci ba. Amininsa Bappa Sajo, wani makiyayi da ke ruga kusa da Ɗanzomo, shi ke zuwa ya yi bisimilla ya yanka. Daga nan Mama Rifkatu, matar Baba Irmiya, ta dafa shinkafa a bi gida-gida da kwanuka.

Bara da kaka shanun Bappa suka faɗa gonar waken Baba suka yi mata kaca-kaca. Ranar kasuwa Baba ya tare Bappa a bainar jama'a ya ce, "Ku dama saniya ta fi muku mutum daraja." Bappa ya gyara sandarsa a kafaɗa ya wuce. Wata biyu ko gaisuwa babu. Abin ya dame ni ƙwarai, don zumuncin shekara talatin ne ke neman rushewa.

Ana gobe Kirsimeti na leƙa da hantsi, na tarar da taure a ɗaure, Baba na ta zagaya shi. Na ce in don yanka ne ai ni ma na iya. Ban ɓoye ba, har da kwaɗayin naman a raina. Ya ɗauko wuƙa zai miƙo mini ke nan, sai Mama Rifkatu ta fito daga madafa.

Ta dubi mijinta ta ce, "Baban Talatu, gobe da wane baki za ka roƙi Allah gafara a coci, alhali ba ka nemi ta Bappa ba?"

"Gonata fa aka cinye."

"Wake ne, za ka sake shukawa. Mutuncin da ka zubar masa a kasuwa fa?"

Ya mayar da wuƙar ɗaki, ya tura babur waje. Na hau baya na rungume tauren, muka nufi rugar Bappa. Mun yi nisa kafin ya yi magana.

"Malam Hussaini, abin da aka koya mana ke nan, ko kai aka ɓata wa, kai za ka fara zuwa. A baki da sauƙi."

Ni dai ina ta fargaba, don na san Bappa ba mai yawan magana ba ne, kuma ba ya mantuwa.

Muka same shi zaune a gindin tsamiya. Baba ya cire hula ya durƙusa, tsofai-tsofai da shi.

"Bappa, na faɗa maka abin da bai kamata ba. Ka yafe mini."

Bappa ya dubi ƙasa. Can ya ɗago.

"Likita, ni ma kunyar gonarka ce ta hana ni zuwa."

Ya sa hannu a ƙugu ya zaro wuƙa daga kube, sai ƙyalli take yi.

"Tun shekaranjiya na wasa ta. Na ce ko za ka aiko."

Baba Irmiya ya sunkuyar da kai yana share ido da hularsa. Ni kuwa na sauke ajiyar zuciya, na kwantar da tauren na danne masa ƙafafu.