Maɗaurin Hannun Fa'iza Mai Gyara

A wani ƙauye da ke gefen babbar magudanar ruwa kusa da Bunkure aka haifi Fa'iza, 'yar Malam Iliyasu manomin tumatir. Tun tana ƙarama akwai abin da ke damunta duk rani. Ta taɓa hannun ƙofa, wuta ta ja ta. Ta miƙa wa ƙawarta hannu, su duka biyun su zabura. In ta cire hijabi kuwa, sai a ji yana ƙaras-ƙaras kamar ana taka busasshen ganye. Mutanen gida dariya suke yi, ita ma har ta saba.

Abin da ba a saba da shi ba shi ne son kwance-kwancenta. Rediyon babanta, fitilar caji, tsohuwar wayar yayanta, babu wanda bai sha sukundireba a hannunta ba. Wasu ta mayar da su, wasu sai dai haƙuri. Da ta gama sakandare ta auri Mudassiru, mai sayen shinkafa a Kura, ba a yi wata biyu ba ya tarar da ita ta buɗe fankar ɗakinsu tana leƙe.

"Ke dai wannan hannun naki ba zai zauna ba," in ji shi. "To gara ki koya sosai, kayana su huta."

Shi ya kai ta wata cibiyar koyon sana'a a Kano, inda wani Malam Taufiq ya koya mata gyaran waya da ƙananan kayan wuta. Da ta dawo, aka gyara mata ɗan ɗakin da ke kusa da zaure, aka sa tebur. Nan da nan mata suka yi ca. Matar aure ba ta son miƙa wa namiji a kasuwa wayar da ke cike da hotunanta, ga kuma 'yar uwa mace a cikin gida. Duk daminar nan aiki ya tafi lafiya lau.

Da rani ya kama, sai abu ya juya. A kawo waya don canjin gilashi kawai, ta buɗe, ta canja, ta rufe, waya ta ƙi tashi. Ta farko ta ce ƙaddara. Ta biyu ta ce kayan gyaran ne jabu. Da abin ya ci gaba, magana ta fara yawo a gidajen biki. Wata Hajiya Kubra, mai sayar da atamfa, ita ce ta faɗa mata ido da ido.

"'Yar nan, ba zagi ba ne. Wayata da ranta na kawo miki, gawa kika ba ni. Mutane na cewa hannunki ne. Ki nemi taimako."

Fa'iza ta ba ta haƙuri. Bayan fitar Hajiya ta rufe ɗakin, ta yi kwanaki ba ta buɗe ba. Ba asarar ce ta fi cin ranta ba. Abin da ya fi mata ciwo shi ne ta san ba ta yi kuskure ba, amma ba ta da abin da za ta nuna. Mudassiru ne ya matsa mata ta kira malaminta.

Malam Taufiq ya saurare ta har ta gama, sannan ya jefo tambayar da ba ta zata ba.

"A kan me kike zama in kina aiki?"

"Kujerar roba, Malam."

"Ƙasan fa?"

"Leda ce."

"Hijabinki irin mai santsin nan ne?"

"Shi ne."

"Wuta tana jan ki in kin taɓa ƙarfe?"

Ta ce tun tana yarinya.

Sai ya yi dariya, ya ce laifinsa ne da bai ja kunnensu sosai ba, don da damina suka yi karatu. Ya bayyana mata cewa in iska ta bushe, gogar tufa da roba kan tara wata 'yar wutar lantarki a jikin mutum. Ba ta cutar da mutum, iyakarta ta ja shi ya zabura. Amma ƙananan abubuwan da ke cikin waya ba sa jure ta, ko wadda mutum bai ji ba tana iya ƙona su. Maganinta a ba wutar hanya ta sauka ƙasa kafin ta kai ga wayar.

Washegari wani direba da ke kai tumatir Kano ya dawo mata da saƙon Malam Taufiq a leda: maɗaurin hannu shuɗi mai ɗan ƙarfe a ciki, da doguwar igiyar wuta mai maƙali a ƙarshenta. Malam Iliyasu, da labari ya kai masa, da kansa ya hau babur ya zo Kura da guntun rodi. Ya kafa shi a bayan tagarta, wajen da ruwan randa ke ɗiga ƙasa ba ta bushewa, ya ja wayar wuta daga jikin rodin zuwa teburin. Ta sauya kujerar da benci na katako, ta ɗinka hijabin auduga na aiki.

Ta buɗe ɗakin, amma mata ba su dawo ba. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani gudu yake. Sai 'yan uwa na jiki ke kawo mata, su ma a ɗarare.

Ana cikin haka famfon sola na Malam Iliyasu ya tsaya, daidai lokacin da tumatir ya fara fure. Gonarsa tana kan tudu, ruwan magudana ba ya hawa sai da famfo. Akwatin da ke sarrafa wutar ne ya ɗauke. Maƙwabtansa na gona suka ce ya kai Kano, ko da za a yi mako. Wani ma ya ja shi gefe ya ce, "Malam, kada son ɗiya ya sa ka rasa noman bana."

Ya cire akwatin, ya ɗaure a bayan babur, bai tsaya ko'ina ba sai ƙofar Fa'iza. Biyu daga cikin manoman suka biyo shi, wai rakiya.

"Baba, ban taɓa buɗe irin wannan ba," in ji ta a hankali.

"To yau ki buɗe. In ya mutu, nawa ne ya mutu."

Ta tabbatar babu sauran wuta a cikinsa, ta ɗaura maɗaurin, ta maƙala igiyar a wayar da ke zuwa rodin, ta yi bisimilla. Da ta ɗaga murfin sai ga tururuwa sun yi gida a kusurwa, wani ɗan abu mai kama da ganga ya kumbura ya yi baƙi. Ta share, ta cire shi, ta samo irinsa a jikin wani tsohon inji, ta like da dalma. Kafin la'asar aka mayar da akwatin gona.

Ba ta je ba. Wayar babanta ce ta shigo, ta ɗauka, ba ta ji muryarsa ba sai ƙarar ruwa yana bulbulowa daga tiyo. Ya daɗe yana riƙe da wayar a bakin ruwan kafin ya yi magana.

"Kin ji?"

"Na ji, Baba."

"Allah Ya yi miki albarka." Sannan ta jiyo shi yana ɗaga murya yana faɗa wa mutanen gefensa, "'Yata ce! Ta wajena!"

Ranar kasuwar Bunkure labari ya gama gari. Manoma daga Kadawa har Dawakin Kudu suka fara ɗauko akwatunan famfonsu, matansu kuma suka biyo baya da wayoyi. Da maɗaurin ya tsufa, ita ta ɗinka wani da kanta, da yadi da maɓallin ƙarfe, ta sa masa wani ɗan abu da ke rage ƙarfin wuta, don ko an yi kuskure kada wutar gida ta bi igiyar ta kama mutum. Yanzu matan aure huɗu ke koyo a wurinta, kuma babu wadda ke taɓa sukundireba sai ta ɗaura nata.

Kwanan baya wata tsohuwa ta zo daga nesa, ta ce ta ji ana ɗinka abin hannu mai zuƙe ciwo daga jiki, ga gwiwarta ta hana ta barci.

Fa'iza ta ba ta ruwa ta sha, ta ce, "Inna, wallahi ba ya maganin gwiwa. Ko na ɗaura miki, yaudararki na yi. Asibiti za ki je."

Tsohuwa ta ɓata rai. Can ta kwance bakin zaninta ta fito da wata ƙaramar waya da ba a jin magana a cikinta, ta ce to ko wannan a duba mata. Fa'iza ta karɓa, ta jawo bencinta, ta ce Inna ta zauna ta huta.