Ranar da Na Huɗe Filin Surukina

Cikin abubuwan da suka same ni a duniya, akwai ɗaya da ba zan manta ba har ƙasa ta rufe idona, wato ranar da na kai wa surukina gayya. Watanni kaɗan ke nan da rasuwarsa, Allah ya jiƙansa, kuma tun da muka dawo daga kai shi makwancinsa labarin ke ta dawo mini. Na ga gara in rubuta shi ko na samu sauƙi.

Ni mutumin Banga ne, ɗan manoma, a lokacin ina koyarwa a wata firamare a Kaura Namoda. Allah ya yi ni da bin diddigi, in na ga abin da ban gane ba sai ya hana ni sakat. Yarinyar da nake nema, wadda yau ita ce uwar 'ya'yana, ita ce ta uku cikin 'ya'ya mata biyar na wani dattijo da Allah bai ba shi ɗa namiji ba. To, dattijon nan ya fi 'yarsa ɗaure mini kai. Dogo ne siriri, ba ya hanzari, ba ya ɗaga murya. Kullum da sassafe in na taho daga Banga sai mu yi kiciɓis da shi a bayan gari, ya rataya wata doguwar jaka cike da sanduna masu kan ƙarfe.

Na yi tambaya har na gaji. Wani ya ce aikin Turawa ya yi, wani ya ce wasan sanda yake yi. Da na tambayi yarinyar sai ta yi dariya, ta ce wani wasan ƙwallo na Turawa da ake kira golf ne sana'ar Baba. Tun yana matashi ya hau jirgin ƙasa daga tashar Kaura ya tafi Kaduna, ya fara da ɗaukar wa 'yan wasa jaka, ya koya a ɓoye, har ya zama shi ke koya wa manyan mutane, ana kai shi gasa Jos da Legas. Yana kan ganiyarsa ya tattara ya dawo gida, don mahaifiyarsa ta tsufa, kuma ya ce ba zai bari 'ya'yansa su girma suna saninsa a hoto ba. Na gyaɗa kai kamar na gane. Gaskiya ban gane kome ba, kuma ba dama in tambaye shi da bakina. In na gan shi sai dai in sauka daga mashin, in cire takalmi, in durƙusa, idona a ƙasa. Sai na yanke wa kaina hukunci cewa wasan can birni ya baro shi, sandunan kuwa yana yawo da su ne kamar yadda tsohon soja ke son kakinsa.

Yana da wani fili a hanyar Banga, shimfiɗaɗɗe, ƙasa mai kyau, amma ko ƙwayar hatsi ba a taɓa jefawa a ciki ba. A tsakiyarsa akwai wani wuri zagayayye, baƙi, sumul kamar an yi masa daɓe, an kafa sanda da jan ƙyalle. Duk ranar da na wuce sai raina ya sosu. Ga gona kwance, ga mai ita ya manyanta, ba ɗa namiji da zai riƙa masa garma. Jan ƙyallen ma na ba shi fassara, na ce na korar tsuntsaye ne, ban ko tsaya na tambayi kaina abin da tsuntsu zai ci a wurin ba.

Da damina ta faɗi, magabatana suka je neman aure. Baba ya karɓe su da mutunci amma bai yanke magana ba. Ya ce zai je Zurmi duba ƙanwarsa da ba ta da lafiya, in ya dawo bayan kwana huɗu zai ba da amsa. Na kuma samu labarin akwai wani ɗan kasuwa daga Shinkafi da dangin yarinyar ke ta yabo. Ni kuwa malamin firamare ne, mashin ɗina ma sai an tura. Kawuna ya ce mini in kwantar da hankalina, ai suruki na ƙwarai a gona ake gane shi, in tara samari in kai wa mutumin gayya kafin ya dawo. Shawarar ta zauna mini daram. Na ɓoye wa yarinyar don in burge ta, wannan kuwa ita ce babbar wautar da na tafka.

Ranar Asabar muka yi wa filin dirar mikiya. Samarin Banga da na Sakajiki, shanun huɗa biyu, makaɗin noma da gangarsa, ga fura a ƙwarya. Kiɗa na tashi, ni ne a gaba, zufa har ido. Da muka kai tsakiyar filin, mai shanu ya tsaya ya damƙi ƙasar ya shinshina, ya ce wannan ai baƙin mai take wari. Wani kuma ya tono gwangwanin tumatir da aka binne daidai da ƙasa, baki a sama, sandar nan a cikinsa. Son sanina ya motsa, na juya gwangwanin na sake juyawa. Amma makaɗi na ta wasa ni yana kirana angon Kaura, sai na wurgar da shi na ce a ci gaba. Kafin azahar mun huɗe filin kaf, mun bi shi da irin gero.

Muna shan fura sai ga wani dattijo a kan mashin, shi ma da irin jakar Baba. Na san shi da gani, Kirista ne mutumin Jos, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa da ya zauna Kaura tun ban san kaina ba. Ya kashe mashin, ya dubi gabas, ya dubi yamma. Sannan ya tambayi wanda ya sa aikin. Na fito ina washe baki, ina jiran yabo.

Ya ja ni gefe ya yi mini bayani a hankali. Filin nan a nan suke wasa shi da Baba duk Asabar. Baƙin wurin da muka farke kuwa shi ne zuciyar wasan, inda ake gangara ƙwallo ta faɗa cikin gwangwani. Tun da ciyawa irin ta birni ba ta rayuwa a nan, Baba yashi ya riƙa ɗebowa daga gulbi a amalanke, ya tankaɗe shi da rariya kamar garin tuwo, ya cuɗa da baƙin mai, ya riƙa jan katako a kai kowace safiya. Shekara shida yana yi kafin wurin ya kwanta yadda yake so.

"Malam, na san dai da zuciya ɗaya ka yi," in ji shi. "Amma ni ban san yadda zan dubi idonsa ba."

Kwana biyun da suka rage na yi su ne kamar kazar da aka ɗaure ranar kasuwa. Na ga auren ya tafi Shinkafi da ƙafarsa. Da yarinyar ta ji ba ta zage ni ba, ta juya kawai ta shige gida, kuma hakan ya fi zagi ciwo.

Ranar da Baba ya dawo, ya aiko in same shi a filin da safe. Na tarar da shi tsaye a kan huɗa, jakarsa a kafaɗa, gwangwanin nan a hannunsa yana kakkaɓe shi. Na durƙusa na fara ba da haƙuri, na ce zan tara samarin nan mu baje huɗar a yau ɗin nan. Ya bari na gama tsaf, sannan ya tambaye ni ko an riga an zuba iri. Na ce an zuba.

"To, mi za a baje? Hatsin da anka shuka ba a tone shi," in ji shi. "Mu ga wasanmu, inda ƙwallo taf faɗi nan aka buga ta, ko cikin ƙaya ne. Ba a ɗauke ta da hannu."

Na kasa ɗaga kai. Sai ya ce in faɗa masa gaskiya, da makaɗi muka zo? Na ce da shi. Ya tambayi ko an ambaci sunansa a kiɗan. Na ce an ambata, har sau da yawa. Da na saci kallonsa sai na ga idonsa ya kawo ruwa.

"Tun da nid dawo garin ga nike jin kiɗan gayya ga gonakin mutane," ya ce. "Ni ban da ɗa namiji, ban taɓa sa rai za a yi shi ga tawa ba. Tashi, ɗana. Ka ce ma kawunka su zo Juma'a."

Abin da ya ƙara kashe mini jiki shi ne yadda ya rufa mini asiri. A majalisarsu, duk wanda ya buɗe baki zai yi mini dariya sai Baba ya riga shi, ya ce ai ya daɗe yana son a huta da filin a gwada gero. Daminar nan ɗungurungum bai buga ƙwallo ko sau ɗaya ba, shi da tun ƙuruciya bai taɓa mako bai riƙa sanda ba. Geron ya yi kyau ko'ina, ban da tsakiyar da ta sha baƙin mai, nan kam ya tsaya iya gwiwa ya yi rawaya. Da abin da aka girbe aka yi furar bikinmu.

Bayan kaka ni na ja amalanke zuwa gulbi. Shekara uku muka yi muna tankaɗe yashi tare, kuma a nan ne na samu amsar duk tambayoyin da kunya ta hana ni yi. Ya koya mini riƙon sanda, amma har yau in na buga ƙwallo gabas sai ta nufi kudu. Ya kan yi dariya ya ce hannuna na garma ne, a bar shi da garma. Da yamma kuwa ba mai raba shi da tabarmar tsakar gida, 'ya'ya da jikoki a kewaye, kowa da ƙorafinsa, shi yana saurare.

Ranar ta'aziyyarsa na ga motoci daga Kaduna da Jos, dattawa masu furfura suna kuka suna cewa shi ya ɗora musu sanda a hannu. Kowa da labarin gasar da Baba ya ci. Abokinsa mutumin Jos, yanzu da sandar dogarawa, ya zauna kusa da ni ya ce mini a ganinsa bugun da ya fi kowane kyau a rayuwar Baba shi ne wanda ya yi ranar da ya tsaya a kan huɗata.

Abin da na koya daga gare shi ke nan: in wani ya ɓata maka abu da kyakkyawar niyya, ka fara duba niyyar kafin ka duba ɓarnar. Gwangwanin tumatir ɗin yana nan a binne a tsakiyar filin, kuma kowace safiya kafin in wuce makaranta nakan tsaya in ja katako a kan yashin.