Ƙoƙon Burkutu a Neman Auren 'Yata

A garinmu, can kan tudu, idan aka zo neman aure ba a tambayar uba ko ya yarda. Burkutu ake zubawa a ƙoƙo, yarinyar ta ɗauka da hannu biyu, ta durƙusa ta miƙa wa ubanta. In ya kurɓa, ya bayar ke nan. In ya kau da kai, baƙi su nemi takalmansu. Mun baro gona, mun baro kaburburan kakanni, amma wannan al'ada sai da muka hayo da ita dutsen Mpape.

Ni kuwa burkutu ba baƙona ba ne. Duk shekarun da na yi ina fasa dutse, da an tashi aiki sai rumfar wata mata a gangaren hanya, inda har ƙoƙona daban yake. Na rantse na daina ya fi a ƙirga. Na buga ƙirji na ce ni namiji ne, abin da aka dafa a tukunya ba zai fi ƙarfina ba. Ina! Kafin mako ya zagayo ina can. Ba jarumtaka ce ta raba mu ba. Wata Laraba a taron addu'a, a cocinmu mai rufin kwano, na durƙusa na ce wa Yesu na gaji, ba zan iya ba, ga ni, ya yi yadda ya ga dama da ni. Ban ga haske ba, ban ji murya ba. Na dai tashi na bi doguwar hanya zuwa gida, wadda ba ta ratsa gaban rumfar. Har yau ita nake bi, kuma kowace safiya sai na sake miƙa wuya.

Ana haka wani makanike mazaunin Jikwoyi, amma ɗan garinmu, ya ga babbar 'yata, ita ma ta gan shi. Yaron kirki ne, ba ni da ta cewa. Aka sa rana. Yayana, wanda shi ne babba a gidanmu, ya taso daga ƙauye da jarkar burkutu a kan cinya, wai ba ya yarda da dahuwar 'yan birni.

Tun da wuri na gaya masa ba zan sha ba, a kawo kunu. Ya ce kunu na masu jego ne, ba a taɓa ba da 'ya da shi ba. Har fastonmu ya ja ni gefe ya ce in taɓa leɓe kawai, ai Allah zuciya yake dubawa. Ina girmama fasto, amma shi bai taɓa wayar gari a cikin kwata ba. Ni na san kaina. A wurina taɓa leɓe da shanye tulu duk ɗaya ne.

Ranar ta zo, tsakar gida ya cika, maƙwabta na leƙe ta kan katanga. Da aka buɗe jarkar, ƙamshin ya bugi hancina, wallahi sai da miyau ya cika mini baki. Ba zan yi ƙarya ba, na so shi, so mai tsanani. 'Yata ta durƙusa a gabana, ta miƙo mini ƙoƙon. Ban miƙa hannu ba.

"Kurɓa ɗaya ce, ƙanena," in ji Yaya. "Yaushe namiji ya fara tsoron ƙoƙo?"

"Ina tsoronsa, Yaya," na ce. "Ya kayar da ni, kowa a nan ya gani. Na riga na ba Ubangiji kaina, abin da na bayar kuma ba na ƙwatowa. Na ba yaron nan 'yata da zuciya ɗaya, amma wannan ba zan sha ba."

Gunaguni ya tashi. Yaya ya ce na kunyata gidan ubanmu a gaban baƙi, ba sha, ba aure. Kawun yaron ya fara laluben takalminsa da ƙafa. Raina ya ɓaci, tsoro kuma ya kama ni, don na ga auren 'yata yana shirin fita ƙofa saboda ni. Na rufe ido na ce, Ubangiji, ni dai nawa ya ƙare.

Sai na ji 'yata ta miƙe. Ta juye burkutun cikin jarkar, ta ɗauraye ƙoƙon sosai, ta ɗebo ruwa a randa, ta dawo ta sake durƙusawa.

"Baba," ta ce, da ƙarfi yadda kowa zai ji, "da ruwan randar nan nake wanke maka fuska a da, idan an ɗauko ka daga hanya a buge. Shi za ka sha."

Na karɓa na shanye tas. Kawun yaron ya daɗe yana kallonta, sannan ya cire ƙafarsa daga takalmin ya gyara zama.

Yaya bai kwana a gidan ba. Har yau ba ya ɗaukar wayata, kuma yana faɗa a ƙauye wai auren nan bai ɗauru ba. Ya yi ta faɗa. Abin yana yi mini ciwo, don uwarmu ɗaya. Amma jikana yana hawa cinyata ya ja mini gemu, hancinsa dab da bakina, kuma bai san warin da uwarsa ta tashi a cikinsa ba.