Gidan Zomayen Hamma

Ranar wata Asabar da hantsi, shekarar da nake aji huɗu na firamare, na durƙusa a tsakar gidanmu na Ƙofar Dumi na matse ɗan zomo tsakanin gwiwoyina, ina auna shi da tsinken tsintsiya. Yana ta mutsu-mutsu, ya karce ni a hannu har jini ya tsattsafo, amma ban sake shi ba sai da na ɗora tsinken tun daga hancinsa har ɗan guntun bindinsa na karya. Na kamo macen, ita ma na yi mata haka. Kwana biyu ke nan da tafiyar yayana Auwalu, wanda duk gidan muke kira Hamma. Kawunmu ne ya tafi da shi Jos koyon gyaran mota, kuma ba zai dawo ba sai Babbar Sallah, wata bakwai nan gaba. Zomayen nasa ne, mace fara da namiji mai ruwan toka, wata maƙwabciyarmu Maman Rahila ta ba shi su suna 'yan mitsi-mitsi. Da zai shiga mota ya dafa kaina ya ce, "Bilki, amana ce. Ki riƙe mini su, in dawo in tarar sun haihu." Na amsa da ƙarfi har direba ya waigo, don a lokacin ban san akwai abin da zai fi ƙarfina ba.

A cikin kwali Hamma ya bar su a lungun zaure, kwali kuwa bai kwana biyu ba suka cinye gefensa suka fito. Kafin a farga sun gwaguye bakin tabarmar Inna, sun aske 'yan zogalen da ta dasa a gefen rijiya, sun fara haƙa rami a gindin katangar madafa. Inna ta tsaya a kan ramin, muciya a hannu, ta ce, "Ko ki yi musu gida kafin Asabar ta zagayo, ko su shiga tukunya. Ni akuyar nan ma ta ishe ni." Inna ba ta maimaita magana, kuma na sha ganin abin da ya sami zakaran da ya saba shiga ɗakinta. Shi ya sa na tashi da tsinke a hannu.

Ba ni na ƙirƙiro wannan awo ba, da shi na tashi na gani. A gidanmu ba a kai yaro kasuwa sayen takalmin Sallah. Inna za ta zaro tsinke daga tsintsiya, ta sa ka taka ƙasa, ta auna daga diddige zuwa babban yatsa, ta ƙara faɗin yatsunta biyu saboda girma, ta karya. Baba ya zuba tsinkayen a aljihu ya tafi Kasuwar Muda Lawal, ya dawo da takalman kowa, kuma ba a taɓa samun wanda ya matse ba. Don haka ni a wurina awo ke nan, babu wani. Na jera tsinken namiji da na mace baki da baki ya zama tsawon gida, na ɗauki ɗaya ya zama faɗi, na ƙara yatsu bibbiyu saboda girma kamar yadda Inna take yi. Tsayi kuwa na auna su ne suna takure a hannuna, kunnuwa a kwance. Na ɗaure tsinkayen da zare ina jin kaina kamar wata babbar mace.

Malam Isuhu kafinta yana da rumfa a bakin lungunmu, inda ƙamshin katako da ƙarar zarto ba sa yankewa. Na miƙa masa tsinkayen na yi bayani. Ya jujjuya su, ya dube ni ta saman tabarau, ya ce, "Zomo za a sa ko tantabara?" Na cika na yi fam, na ce ai na auna, har na ƙara na girma. Ƙofofin wani sabon gida ne a gabansa ranar, ba shi da lokacin gardama da 'yar shekara goma, sai ya nuna mini tarin ragowar katako ya ce in tsinci abin da zai yi. Duk da haka da ya zo yanka ya ƙara taƙi ɗaya ta kowane ɓangare, ina ta ƙunƙuni wai ya ɓata mini awo. Kwana huɗu muka yi, kullum bayan an tashi daga Islamiyya. Ni ke miƙe tsofaffin ƙusoshi a kan dutse, ni ke riƙe katako yana bugawa, sau biyu guduma ta sauka a babban yatsana har farcen ya yi baƙi. Ya yi wa akwatin ƙafa huɗu don kada su sami ƙasar haƙa, ya shimfiɗa wayar raga a ƙasa kashi ya riƙa zubewa, ya yanko robar tsohuwar taya ta riƙe ƙofa, muka rufa guntun kwano a sama. Ni da ƙawayena biyu muka ɗauko shi har gida muna hutawa a hanya. Inna ta zagaya shi sau ɗaya ta koma madafa ba ta kushe shi ba, wanda a wurin Inna yabo ne.

Daga ranar ne na san gajiya. Kafin zuwan zomaye ma aikina bai yi kaɗan ba: shara da asuba, wanke-wanke, jan ruwa a rijiya, kai niƙa, goyon ƙanina. Yanzu sai aka ƙara mini bakuna biyu da ba sa daina tauna. Da safe in kwashe kashin da ya zuba, in wanke gwangwanin ruwansu, in dama musu dusa kafin in sa kayan makaranta. Da la'asar, lokacin da 'yan lungunmu suke zana 'yar gala-gala a ƙasa ko suna carafke a dakalin masallaci, ni ina hanyar Muda Lawal da buhu a ka, ina bin masu kayan gwari ina tsintar ganyen kabeji da latas da suka ɓare suka yar. Wasu su tara mini, wasu su kore ni. Tafiyar ba kusa ba ce ga ƙafar yarinya, kuma in na dawo sai na wanke ganyen na shanya ya sha iska, don Hamma ya gargaɗe ni cewa jiƙaƙƙen ganye yana sa su zawo. A aji nakan yi gyangyaɗi har malamin lissafi ya sa mini suna Sarauniyar Barci. Hannuna kullum warin fitsarin zomo yake, ko na wanke da toka.

Su kuwa suna ci suna girma, girman da yatsu biyu ba su san da shi ba. Kafin wata uku, in ɗaya zai juya sai ya taka ɗaya. Kunnuwansu suna gogar kwano, gashin ƙafafunsu ya fara zubewa saboda zama wuri ɗaya a kan waya. Ina gani, amma na ce wa kaina ƙiba ce, alamar ina ciyar da su da kyau. Wata ranar Lahadi Maman Rahila ta biyo daga coci ta shigo gaida Inna. Mutuniyar kudancin Bauchi ce, mijinta ma'aikacin asibiti, kuma tun a ƙauyensu take kiwon zomo. Ta leƙa akwatin, ta daɗe a sunkuye, sannan ta ɗago ta ce, "Kai, 'yata, wa ya auna wannan? Ba jikin zomo ake aunawa ba. Ki bar masa inda zai yi tsalle uku, ya miƙe a kan ƙafar baya kansa bai taɓa rufi ba. Macen kuma ta kusa haihuwa, tana son lungu nata daban, a cire namijin." Na ce to, idona a ƙasa, kunya da haushi sun cika ni.

Na so in gyara, Allah ya sani. Na koma wurin Malam Isuhu, ya ce ragowar katakon ta ƙare, an kwashe ta an hura wuta, in jira ya tara wata. Na ce sai Asabar. Asabar ta zo da wanki, na ce sai ta gaba. Gaskiyar da ban taɓa faɗa wa kowa ba a lokacin ita ce, da na tuna miƙe ƙusoshi da ɗaukar katako a kan aikin da nake yi, sai in ji jikina ya mutu. Na gaji, kuma ba wanda zan ce wa na gaji, tunda da bakina na amsa.

Wata safiya na zo da dusa na tarar macen ta tsige gashin ƙirjinta ta baza a kan waya. Ta haihu. 'Ya'ya shida ne, jajaye, ba gashi, ba su fi babban yatsa ba, kuma babu mai motsi. Babu lungun da za ta ɓoye su, ita da namijin duk sun tattake su wurin juyawa. Na kwashe su a cikin murfin kwano na binne a bayan rijiya, na tafi makaranta a makare aka yi mini bulala uku, ban ma ji zafinta ba. Bayan nan azumi ya kama cikin tsananin zafin bazara, kwanon da muka rufa kusa da kawunansu ya riƙa ɗaukar rana kamar tanda. Na rufa tsohon buhu, ina yayyafa ruwa in na tuna. A shekarar na fara gwada azumi, wata rana na dawo daga makaranta na kwanta a rumfa barci ya kwashe ni har la'asar, da na farka namijin ya miƙe ya sandare. Na yi kuka sosai. Amma a ƙarƙashin kukan akwai wani ɗan sanyi da na ji, cewa buhun gobe ba zai yi nauyin na yau ba, kuma har yanzu ina jin kunyar wannan sanyin.

Hamma ya iso ana jajibirin Sallah, damina ta sauka, ya yi tsawo, hannuwansa sun yi kaushi da baƙin mai. Ko ruwa bai sha ba ya nufi akwatin. Ina tsaye a bayansa na faɗa masa komai a jere, ban rage ba. Na shirya wa faɗa, har ma da duka.  Sai kawai ya buɗe ƙofa ya ciro macen, ya duba tafin ƙafafunta da suka yi gyambo, ya ajiye ta a tsakiyar tsakar gida, filin da a da take tsere a cikinsa Inna na bin ta da tsintsiya. Ta tsaya tana shinshina ƙasa. Ta yi ɗan taku ɗaya da rabi ta tsaya cak, ta juya. Ta yi ɗaya da rabi ta sake juyawa. Ga fili har bakin zaure, babu katako babu waya a gabanta, amma ba ta wuce nan ba, kunnuwanta kuma a kwance, ba ta ɗaga su ba. Muka daɗe muna kallonta, har Inna ta fito daga madafa ta tsaya. Can Hamma ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Kin yi ƙoƙari, Bilki." Da ya mare ni da ya fi mini sauƙi. Na shige ɗaki na kifa kaina a kan katifa, ban fito ba har aka kira magariba.

Yanzu a Gwallameji nake, a gidan haya mai ɗaki biyu da tsakar gida da aka malale da siminti, ko zogale ba inda za a dasa. Ina fita ofis da safe a keke, in dawo da yamma ƙafafuna a kumbure, in ɗora tukunya. An rushe rumfar Malam Isuhu an gina shaguna, gidanmu na Ƙofar Dumi an raba shi gado, rijiyar ma an cike ta. Kwanan baya autata ta ga fararen zomaye a waya, ta biyo ni har madafa tana roƙo, wai ita za ta yi musu komai, ba za ta taɓa gajiya ba. Na dubi ɗan filin da ke tsakanin tankin ruwa da igiyar shanya, na ce mata ta bari sai mun sami gida mai faɗi. Ta tambaye ni yaushe, na ci gaba da yanka albasa. Na daɗe da daina amsa abu da ƙarfi.