Ƙwan Fitilar da Na Ƙi Kashewa

A gidan hayar da na gada a Kafanchan, wata malamar kimiyya ta taɓa zama a ɗakin ƙarshe. Tana koyarwa, tana kuma ƙarin karatu a jami'a. Abin da ya rage mata ta kammala shi ne auna hasken wani jan tauraro.

Da an gama cin tuwo sai ta kafa madubin hangen nesa a tsakar gida. A jikinsa akwai wani ɗan gilashi da ke tsaga haske kala-kala kamar bakan gizo, ita kuma ta ɗauki hoton. Ta ce daga kalolin da baƙaƙen layukan da ke ratsa su ake gane jan tauraro bai kai fari zafi ba. Na ce jar wuta ai ita ce mai zafi, kowa ya sani. Ta yi dariya a gaban matata. Dariyar nan na riƙe.

Tauraron yana yamma, kullum yana ƙara sauka wajen katangar da na maƙala ƙwan sola.

"Oga, don Allah kashe min ƙwan nan har in gama."

"Malama, ɗaki kika kama, ba sama ba."

"Zo ka ga hoton. Wannan shuɗin ba na tauraro ba ne, naka ne."

"To ki sa sunana, mu ci jarrabawar tare."

"Mugunta ce kawai. Wai kai ne dattijon coci!"

"In ɓarayi suka hauro, tauraronki zai kore su?"

Ba ɓarayi nake tsoro ba, ina da karnuka. Washegari ma na sayo ƙwan da ya fi wancan haske. Ta rataya zani don ta tare hasken, na ce ba a shanya a katangata.

Ta yi ta neman wurin da ya fi duhu, har ta ɗaure kayan a bayan mashin zuwa gidan ƙanwarta a Kagoma. Kafin ta daidaita su can, hadari ya fara rufe yamma, damina ta sauka, tauraron ya wuce sai baɗi. Abokan karatunta suka gama suka bar ta. Ta kwashe kayanta daga gidana ba sallama.

Daga baya na bi ta makarantar da take koyarwa, na tsaya a bakin aji, hula a hannu, na ce na zo neman gafara.

Ta dube ni, alli a hannunta.

"Oga, matsa. Yara za su shiga."