Sunan Baffa da Firizar da Ta Wuce Ni

A gidanmu ni ce mai sani. Ba wanda ya naɗa ni, ni na naɗa kaina. Hausa nake koyarwa a wata firamare da ke bayan Wunti a nan Bauchi, kuma tun ina budurwa a Ƙofar Ran nake fama da ciwon amsa tambayar da ba ni aka yi wa ba.

Duk ranar Asabar bayan la'asar, idan an yi sa'ar wuta, wani gidan talabijin na garin nan yana nuna shirin kacici-kacici. Mutum huɗu ne suke tsayawa bayan tebur, kowa da ƙararrawarsa, ana yi musu tambayoyi a kan harshe da al'ada da tarihi. Ni kuma ina kan tabarma, farantin shinkafa a cinya, ina tsinta ina zazzaga musu masifa.

"Kai Malam, da gemunka ba ka san wannan ba? Wa ya aike ka?"

Haka nake yi har a tashi. Wata Asabar maigidana ya gaji, ya rage muryar talabijin ya dube ni.

"Malama, don Allah ki je ki shiga. Ko mu ma ma huta."

Shi gatse ya yi. Ni kuwa na ɗauke shi shawara, don na riga na ga abin da ake ba wanda ya ci zagayen ƙarshe. Firiza ce fara doguwa, mai aiki da sola, an ɗaura mata jan ƙyalle kamar amarya. Ina yin kunun aya da zoɓo ina sayarwa a unguwa, kuma duk mai wannan sana'a ya san baƙin cikin zafin Bauchi. Ka tashi da asuba ka markaɗa, ka tace, ka ɗura a robobi, ka aika neman ƙanƙara a ce ta ƙare, kafin azahar kunun ya yi tsami ka zubar a kwata. Na zubar da kunu har ban san iyaka ba. Firizar nan nake so, so na gaske, har mafarkinta na yi.

Akwai kuma wanda na ƙudurta zai fara shan ruwanta, wato Baffa, mahaifin maigidana. Bafulatani ne, ya yi rayuwarsa da shanu a wajen Inkil, da ƙafa ta gaza sai ya dawo wurinmu, muka ba shi ɗakin kusa da zaure. Ba shi da yawan magana, ba shi da yawan buƙata. Abu ɗaya yake so a duniya bayan nono, ruwan sanyi. Idan na kai masa kofi mai raɓa a jiki, sai ya riƙe da hannu biyu ya ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yata," kamar na ba shi saniya.

Shekara goma sha bakwai ina gidan, ban taɓa furta sunansa ba. Haka aka koya mini, haka na tarar ana yi, har abin ya zauna mini a harshe. Ko a aji, idan ina kiran rajista na zo kan mai irin sunan, "mai sunan Baffa" nake cewa, kowa ya gane, a wuce.

Na aika da sunana. Da aka kira ni aka ce an ɗauke ni, gidan nan ya shiga uku. Na haddace sunayen watanni da na taurari. Na haddace kayan saƙa da na ƙira da na jima. Na tsare maƙwabciyata mai kitso sai da ta lissafa mini sunayen kitso kaf. Miya ta ƙone sau biyu ina bitar ƙananan hukumomi. Har wurin da firizar za ta zauna na share, na kawar da buhun masara, na auna da igiya. Maigidana ya ce in bari a ci tukuna, na ce shi dama bai taɓa yarda da ilimina ba.

Sai na yi kuskuren da har yau nake cizon yatsa a kansa. An ce kowane ɗan takara zai iya zuwa da mutum biyu. Na ce da maigidana da Baffa. Baffa ya ce shi me zai je yi, ƙafarsa ma ciwo take yi. Na nace. Gaskiyar magana so nake ya gani da idonsa irin surukar da Allah ya ba shi. Ni na wanke masa farar rigarsa, ni na goge, ni na sa aka zaunar da shi a layin gaba.

Ɗakin da ake ɗaukar shirin bai kai ajinmu girma ba. Furannin da nake gani a talabijin ashe na roba ne, duk ƙura. Fitilu suna gasa mu, hodar da na shafa tana bin gumi. Amma firizar tana nan a gefe, ta fi yadda nake ganinta kyau. Da na zo wucewa na faki ido na shafa murfinta.

Mu huɗu ne, maza biyu, mata biyu. Ba yabon kai ba, mazan nan na yi musu kaca-kaca. Ɗaya ya kasa faɗin sunan sandar da ake tuƙa tuwo da ita, na buga ƙararrawa na ce muciya, har da juyawa in dube shi. Allah ya yafe mini wannan kallon. Aka sallame su, ya rage ni da ɗaya matar, wata ma'aikaciyar jinya daga kudancin jiha, Kirista, mai jiki, mai fara'a. Madam kowa ke ce mata. Da farko na raina ta, don na ji Hausarta irin ta wanda ya koya a kasuwa ce. Ashe shekarunta na aikin asibiti ba abin da ba ta ji ba a bakin tsofaffi. Na ci, ta ci, na ci, ta ci, har muka yi kunnen doki.

Mai gabatarwa ya gyara hula ya ce saura tambaya ɗaya. Wadda ta riga buga ƙararrawa tana da daƙiƙa goma. Idan ta kasa, tambaya ta koma ga ɗayar. Na ɗora tafin hannuna a kan ƙararrawa.

"Wane suna Hausawa suke sa wa yaron da aka haifa bayan tagwaye?"

Kafin ya rufe baki na buga. Har dariya ta taso mini, don wannan ko 'yan aji ɗaya sun sani. Na buɗe baki. Sai idona ya sauka a layin gaba, a kan farar rigar da na goge da hannuna.

Baffa bayan tagwaye aka haife shi. Sunansa ke nan.

Bakina ya tsaya a buɗe kamar na mai jiran likitan haƙori. Agogo yana tafiya. Mai gabatarwa ya ce, "Malama, muna jin ki." Na ce da ƙarfi, yadda kowa zai ji:

"Sunan Baffa ne. Ga shi nan zaune."

Sai aka fashe da dariya da tafi. Na ɗauka shi ke nan, na ci. Har na fara juyawa wajen firiza. Mai gabatarwa ya ce sai an ji ta bakin alƙalin gasa, wani malamin jami'a mai farin tabarau da ke zaune a gefe da takarda a hannu. Mutumin nan ya duba takardarsa a natse, ya ɗago.

"A nan suna aka rubuta. Ba a rubuta suruki ba."

Nan fa raina ya ɓaci. Na manta da kamara, na manta da hoda.

"Malam, kai ba Bahaushe ba ne? A gidanku surukai suna kiran suna? Shirin al'ada kuke yi ko na rashin kunya? Ku tambaye shi sunansa mana! Ku duba katin zaɓensa, yana aljihunsa!"

'Yan kallo suka rabu biyu. Mata suna cewa a ba ta, ta sani. Wani saurayi daga baya yana cewa doka doka ce, idan haka ne shi ma gobe zai zo da kakansa ya riƙa nuna shi. Abin da ya fi ba ni kunya, Madam da na raina ita ce ta ɗaga hannu ta goyi bayana.

"Oga, ku ba shi mana. Malama ya sani. Mu ma a wajenmu ba a kiran sunan baban miji."

Alƙali ya ce ba zai karɓi nuni a matsayin amsa ba, amma saboda girman tsohon zai ƙara mini daƙiƙa goma. Aka sake tayar da agogo. Sai Baffa, mutumin da ko a gida sai ka matsa kusa kake jin muryarsa, ya dogara sandarsa ya miƙe tsaye.

"Faɗa, 'yata. Na yafe miki. Faɗa."

Wallahi na yi niyya. Na kawo harafin farko har maƙogwaro. Ina ganin firiza ta gefen ido, ina ganin kunun da na zubar a kwata, ina ganin maigidana yana yi mini alama da hannu kamar mai kiran keke. Harshena ya ƙi. Shekara goma sha bakwai ina hana shi, ranar da na ba shi izini ya ce bai san zancen ba. Ƙararrawar ƙarewar lokaci ta buga a kaina ina tsaye.

Tambaya ta koma ga Madam. Ta dube ni, ta dubi Baffa, ta ɗan rusuna ta ce, "Baba, ka yi haƙuri." Sai ta faɗi sunan a hankali. Na ga Baffa ya ɗago kai da sauri kamar wanda aka taɓa a kafaɗa. Aka yi tafi, aka kwance jan ƙyalle, ni kuma aka miƙo mini kwalin sabulu da agogon bango.

Muka hau keke muka kama hanyar gida. Ina rungume da agogon, hawaye suna zuba a kan kwalinsa. Amma can ƙasan raina ina lallashin kaina da cewa ai na yi abin a yaba. Na bar firiza sukutum saboda kunyar suruki. Jira nake Baffa ya sa mini albarka irin wadda ba a taɓa sa wa wata suruka ba, har na fara shirya yadda zan sunkuyar da kai in ce ba komai.

Ya yi gyaran murya.

"'Yata, wautarki ta yi yawa."

Maigidana ya juya fuska waje, kafaɗunsa suna rawa.

"Suna ne fa," in ji Baffa. "Da kin faɗa, raguwa zan yi? Ga shi kin ja mana, ruwan sanyi ya tafi gidan wasu."

Na ce, "Baffa, ban iya ba ne."

Can muka kusa gida. Sai ya ce, ba ni yake kallo ba, titi yake kallo:

"Tun da yayata ta rasu ba wanda ya kira ni da sunan nan. Kowa Baffa, Baffa. Masu kira na duk sun tafi. Da matar nan ta faɗa, saura kaɗan in ce na'am."

Na sunkuyar da kai, wannan karon ba da shiri ba. Ni da nake da amsar kowace tambaya.

Da aka nuna shirin ranar Asabar, kamar da gangan, wuta ba ta ko ƙifta ba. Duk Bauchi ta gan ni baki buɗe. A makaranta malamai suka koma ce mini "ga shi nan zaune." Tsofaffin Ƙofar Ran suka yi ta aiko mini da yabo, wai na nuna tarbiyya, amma ba wadda ta haɗo da ƙanƙara. Na yi wata guda ina tsine wa mai farin tabarau. Har yau ina nan a kan bakana cewa hukuncin nan zalunci ne, ko da yake idan na natsu na san takardarsa ya bi.

Madam kuwa ashe gidanta ba nisa da makarantarmu. Ta fara sayar da ƙanƙara, ni kuma na zama babbar mai sayenta. Kullum sai na tsaya a gaban firizata ina jira a buɗe ta a miƙo mini. Takan ware guda ɗaya ta ce wannan na Baba ne, ba na sayarwa ba. Haka Baffa ya sha ruwan firizar nan shekara biyu, kuma duk ranar da na kai masa sai ya riƙe kofin ya ce, "Wa ya aiko? Mai kiran suna?" Mu yi dariya. Sau da yawa na tsaya a bakin ƙofarsa da niyyar in faɗa sau ɗaya, ko da wasa, don ya amsa. Kullum sai in ce gobe.

Da zafin bara Allah ya yi masa rasuwa. Ranar sadakar uku sai ga Madam a keke da buhu biyu na ƙanƙara, ta ce a ba masu zaman makoki ruwa. Ta shigo ɗakin mata, ta zauna kusa da ni ta kama hannuna. Duk wanda ya zo tun ranar farko, "Allah ya jiƙan Baffa" yake cewa. Ita kaɗai ta ce Allah ya jiƙan wane, ta kira shi da sunansa. Nan na yi kukan da ban yi ba ranar da aka fita da shi.

Agogon yana nan a bangon falo, wurin da na auna da igiya kuwa, buhun masara ya koma can. Na zauna rubuta wannan da niyyar ko a takarda in sa sunan sau ɗaya. Kun dai gani, har na zo ƙarshe ban iya ba.